Gulutatiyon: Hanta Tana Yin Sa Kyauta, Kasuwa Tana Sayar Da Shi Da Tsada

Ya kai mai karatu, bari in fara da mutum biyu da na gani a ɗakin shan magani cikin wata guda.

Ta farko budurwa ce, saura mako shida bikinta. Ta jira sai da layi ya ƙare, sannan ta buɗe jaka ta fito da kwali mai ƙananan kwalabe. Ta ce, "Anti, don Allah ki taimaka ki riƙa sa mini wannan a jijiya. An ce kafin biki zan yi haske." A jikin kwalin an rubuta Glutathione da manyan baƙaƙe. Na ƙi yi mata. Ta tafi ranta a ɓace, ni kuwa na san akwai mai yi mata a cikin gari in dai ta biya.

Na biyu magidanci ne, direban babbar mota. Haƙori ya kama shi a kan hanya. Kwana uku yana shan farasitamol huɗu-huɗu duk sa'ad da ciwon ya motsa, ya haɗa da maganin mura, ga shi ba ya iya cin abinci. Da aka kawo shi, idanunsa sun zama ruwan ɗorawa, yana amai, gefen cikinsa na dama ba ya taɓuwa. Muka tura shi babban asibiti. Ya tashi, amma sai da ya yi makonni a kwance.

Waɗannan mutum biyu ba su san juna ba, amma zancensu a kan abu ɗaya yake. Ita tana so ta sayi abin da jikinta ke da shi isasshe. Shi kuma ya ƙarar da nasa, bai ma san yana da shi ba. Sunan abin gulutatiyon. Ra'ayina a kansa shi ne: mai lafiya ba ya bukatar ya saye shi, amma kowa yana bukatar ya san yadda ake ɓarnatar da shi. Ga dalilaina.

Mene ne gulutatiyon?

An gina jikin mutum da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Kusan kowace ɗaya daga cikinsu tana haɗa gulutatiyon da kanta, amma hanta ce ta fi kowace gaɓa yin sa da yawa. Abubuwa uku ake haɗawa: gulutamet, sisteyin da gilisin. Dukansu ana samun su daga abinci mai gina jiki. A cikin ukun, sisteyin ne ya fi saurin ƙarewa, kuma shi ne ke ɗauke da ɗigon farar wuta wanda ke yin ainihin aikin.

Ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe ya fara lura da shi a cikin yis a shekara ta 1888. A 1921 Frederick Hopkins na jami'ar Kambirij a Ingila ya ware shi ya raɗa masa sunan da muke kiran sa da shi yau. Ke nan likitoci sun fi shekara 100 suna nazarin sa kafin masu talla su gano cewa zai yi kuɗi.

Aiki na farko: kashe tartsatsi

Ka dubi murhu. In ana girki, dole tartsatsi ya tashi. Haka ƙwayar halitta take. Tana ƙona abincin da ka ci da iskar oksijin don ta sami ƙarfi, kuma a cikin wannan ƙonawa wasu ɓarɓashi masu zafi suna tsallakewa. In aka bar su, sukan cinye bangon ƙwayar halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi.

Gulutatiyon kamar bokitin ruwa yake a gefen murhun. Tartsatsi ya tashi, sai a watsa masa ruwa ya mutu. Idan bokiti biyu suka zama wayam, sai su manne da juna ta wurin farar wutar nan, su jira. Akwai wani ma'aikaci a cikin ƙwayar halitta wanda aikinsa ya raba su ya sake cika su. Ƙarfin da yake yin wannan aiki da shi daga sukarin jini yake fitowa, ta hannun wani ma'aikacin da likitoci ke kira G6PD. Ka riƙe wannan suna, za mu dawo kansa. A jikin mai lafiya, fiye da kashi 90 cikin 100 na bokitan nan a cike suke kowane lokaci. Abin lura a nan shi ne, a wannan aiki bokitin ba ya ɓata. Ana juye shi, ana cika shi, ana sake juye shi.

Aiki na biyu: raka guba waje

Aiki na biyu daban yake. Idan wata guba ta shigo hanta, ko hantar ta haifar da ita garin sarrafa magani, gulutatiyon yakan manne mata ya ɗaure ta. Daga nan a fitar da su tare ta cikin ɗacin hanta ko ta fitsari. Wanda ya raka guba waje ba ya dawowa. Sai hanta ta ƙera sabo, ƙera sabo kuwa yana ɗaukar lokaci, yana kuma bukatar sisteyin.

Wannan shi ne abin da ya sami direban nan. Farasitamol magani ne mai kyau, ni ma ina ba 'ya'yana. Idan ka sha daidai ƙa'ida, hanta takan sarrafa mafi yawansa ta hanyoyin da ba su da haɗari. Ɗan kaɗan ne, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ke juyewa ya zama guba, gulutatiyon kuma ya kama ta nan take. Amma in ka sha fiye da kima, hanyoyin nan masu sauƙi sukan cika, gubar ta yi yawa, gulutatiyon ya yi ta fita da ita har rumbun ya kusa ƙarewa. A shekara ta 1973 masu bincike a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan kimanin kashi 70 cikin 100 ya tafi, gubar takan juya ta kama naman hantar kanta ta kashe shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro da wannan guba shi ne shirunta. Ranar farko mutum yakan ji tashin zuciya kawai, ko ma bai ji kome ba. Sai a rana ta biyu ko ta uku hanta ta fara nuna alama, shawara ta fito a ido. Kafin nan ɓarna ta yi nisa.

Yadda sanin wannan ya haifar da makari

Da aka gane cewa ƙarewar gulutatiyon ce ke kashe hanta, sai tambaya ta zama: ta yaya za a cika rumbun da sauri? A nan akwai darasi ga budurwar nan da duk mai irin tunaninta. Likitoci ba su ɗura wa majiyyaci gulutatiyon ba, domin ba ya ratsa bangon ƙwayoyin hanta da sauƙi yadda yake. Abin da suka yi shi ne su ba hanta kayan aikin da ya ƙare mata, wato sisteyin, a siffar da jiki ke karɓa, ita kuma ta ƙera nata. Sunan maganin asetilsisteyin. Wani likita mai suna Laurie Prescott da abokan aikinsa a Edinbara ta ƙasar Sikotilan su ne suka nuna amfanin ba da shi ta jijiya a ƙarshen shekarun 1970. Har yau shi ne makarin gubar farasitamol a duniya duka.

Amma yana da lokaci. In an fara shi cikin awa 8 da shan maganin, kusan kullum hanta takan tsira. Kowace awa da ta wuce bayan nan, ƙarfinsa raguwa yake yi. Saboda haka, in yaro ya shanye kwalbar farasitamol na ruwa, ko wani ya haɗiyi ƙwayoyi da yawa cikin ɓacin rai, kada a ce "ai ga shi nan garau." Kada a tsaya ba shi madara ko man ja. A kawo shi asibiti a wannan sa'a, a zo da kwalin maganin.

Jinin da ba ya jure wasu magunguna

Yanzu mu koma kan G6PD, mai kawo ƙarfin cika bokiti. Wasu mutane ana haifar su da ƙarancinsa. Gado ne, ya fi bayyana a jikin maza, kuma mutanen da ke da shi a duniya sun kai kimanin miliyan 400. Yana da yawa a ƙasashenmu na Afirka inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe. Mai irin wannan jini lafiyarsa ƙalau, yana noma yana kasuwanci, sau da yawa har ya tsufa bai sani ba. Matsalar takan taso ne ranar da wani abu ya tayar da tartsatsi mai yawa a cikin jajayen ƙwayoyin jininsa. Waɗannan ƙwayoyi ba su da wata hanyar cika bokiti sai ta G6PD. Bokitai suka ƙare, sai ƙwayoyin jinin su farfashe. Fitsari ya yi baƙi kamar shayin da ba madara, ido ya yi ɗorawa, jiki ya mutu.

An gano wannan a shekara ta 1956 a birnin Shikago na Amurka, garin binciken dalilin da ya sa maganin zazzaɓi mai suna firimakin ke fasa jinin wasu mutane ya bar wasu. Darasin bai ƙare a can ba. A 2008 an janye wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Lapdap, wanda aka yi musamman domin Afirka, bayan gwaji ya nuna yana jawo ƙarancin jini mai tsanani ga yara masu ƙarancin G6PD. Shi ya sa da aka fito da sabon magani mai suna tafenokin a 2018, aka sa sharaɗi cewa ba a ba kowa sai an auna jininsa tukuna.

Akwai abin da ya shafi gidanki kai tsaye, ke mai jego. Farin ƙwallon nan mai ƙarfin wari da ake sa wa cikin akwati don korar kyankyaso, wanda a kasuwa ake kira kafur, yawancinsa naftalin ne. In aka adana kayan jariri da shi, yana iya shiga jikin jaririn ta fata da numfashi. Jariri mai ƙarancin G6PD yakan kamu da shawara mai tsanani ta wannan hanya, shawarar jarirai kuwa in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Ki raba kayan jariri da shi. Amma kada wannan bayani ya sa ki ƙi maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba masu ciki a wurin awo, ko wanda ake raba wa yara da damina. Waɗannan an gwada su, kuma suna ceton rai.

Yadda masu haɗa magani ke amfani da shi

A yau, kafin sabon magani ya kai bakin mutum, masu bincike sukan gauraya shi da wani abu da aka tatso daga naman hanta, su zuba gulutatiyon a ciki, su duba. In suka ga ɓarɓashin maganin ya manne wa gulutatiyon, sun san cewa hanta tana juya shi ya zama abu mai cizo. Sai su gyara ginin maganin, ko su rage yawan da za a sha, ko su watsar da shi gaba ɗaya. Gulutatiyon ya zama kamar tarkon da ke nuna akwai ɓera a rumbu tun kafin a ga ɓarna.

Wani lokaci kuma ana neman bambanci tsakanin jikinmu da jikin ƙwayar cuta. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, misali ne. A shekara ta 1985 Alan Fairlamb ya gano cewa ƙwayar cutar nan ba ta dogara da gulutatiyon yadda muke dogara da shi ba. Tana ɗaure guda biyu da wani sinadari ta yi nata na dabam, wanda aka kira tirifanotiyon. Jikin mutum ba shi da wannan. Ƙwayar sammore da ke kashe shanun makiyayanmu ita ma danginta ce, haka take yi. Maganin ciwon barci mai suna efilonitin, wanda aka amince da shi a 1990, yana toshe hanyar samun sinadarin da cutar ke ɗauri da shi, don haka rumbunta ya ragu. Har yanzu masu bincike suna neman magungunan da za su bugi wannan wuri su bar mutum lafiya.

Ga kuma abin da masu talla ba za su gaya maka ba. Ƙwayoyin ciwon daji su ma suna yin gulutatiyon, wasunsu ma suna yin sa fiye da kima, su yi amfani da shi su ɗaure maganin da aka aiko ya kashe su. Wannan yana cikin dalilan da ke sa wasu magungunan daji, irin su sisfilatin, su daina aiki. A nan masu bincike hanyar rage gulutatiyon suke nema. Ashe ba kullum ne yawansa ke zama alheri ba.

Akwai wani misalin. An daɗe da sanin cewa yara masu tamowa mai kumburi suna da ƙarancin gulutatiyon a jininsu. Sai aka yi tunanin ko ba yara sinadaran kashe tartsatsi zai hana cutar. Aka gwada a ƙasar Malawi a kan yara masu yawa, aka buga sakamakon a 2005. Bai hana ba. Yaron da ke bukatar abinci, abinci ne maganinsa.

To, allurar haske fa?

Zan yi wa masu sayar da ita adalci. Gaskiya ne gulutatiyon yana iya rage aikin sinadarin da ke yin baƙin fata, an ga haka a ɗakin gwaji. An kuma yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a ƙasashen Asiya a kan mutane kaɗan na 'yan makonni, inda masu shan ƙwayar suka ɗan yi haske kaɗan. Gaskiya ne kuma a wasu ƙasashe likitocin daji suna sa shi a jijiya don rage lahanin sisfilatin ga jijiyoyi. Wani zai ce mini, "Jikina ne, kuɗina ne, kuma abin nan jiki ma yana yin sa." Na ji.

Amma ki duba ɗaya gefen. Wanda aka haɗiya, hanji yakan farfasa mafi yawansa kamar yadda yake farfasa nama. Wanda aka ɗura a jijiya, cikin kamar minti 15 rabinsa ya bar jini, ƙoda ce ke shan aikin. Ɗan hasken da aka samu, in an daina sai ya koma, don haka sai a ci gaba da biya. Babu wani babban gwaji da ya nuna cewa ɗura shi mako-mako na tsawon watanni ba shi da lahani. Tun a 2011 hukumar kula da magunguna ta ƙasar Filifin, inda wannan yayi ya yi ƙarfi, ta gargaɗi jama'a a kansa, ta ambaci saɓulewar fata mai iya kisa, da lalacewar ƙoda, da ciwon ciki mai tsanani. Hukumar Amurka ma ta ce ba ta amince da kowace allura don hasken fata ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne ita kanta allurar. Jijiya ƙofa ce kai tsaye zuwa zuciya. Kwalbar da aka sayo a intanet ko a shagon kayan kwalliya, wa ya auna abin da ke cikinta? Ta yi wata nawa a cikin zafi? Mai yin allurar a bayan shago, ya wanke hannu? Ciwon hanta nau'in B ya riga ya yi yawa a yankinmu, kuma allurar da aka maimaita hanya ce gare shi, haka ma ƙanjamau. Mutum ya je neman abin da aka ce yana "wanke hanta", ya dawo da cutar da za ta cinye hantar. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Baƙin fatar nan kuma da ake yaƙi da shi, rumfa ce. Shi ke tare zafin rana kada ya ƙona abin da ke ƙasa. Mu da ke jinyar 'yan'uwanmu zabiya mun san wahalar da fata ke sha a ranar ƙasar nan in babu shi. Na san ba 'yan mata kaɗai ke da laifi ba. Mu iyaye da ke yabon amarya da "fara ce sol", da samarin da ke tambayar launi kafin hali, mu muka buɗe wa wannan kasuwa ƙofa. A 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta hana shigo da kayan bilicin masu ɗauke da sinadarai masu haɗari, amma doka ba ta shiga hirar tsakar gida. Wannan sai mu.

Abin da nake roƙon ka

In kana so ka kula da gulutatiyon na jikinka, hanyar ba ta da tsada. Ka ba hanta kayan aiki: wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi, nono, da nama in ya samu. Ka sa ganye da albasa a miya. Ka nisanci giya, domin tana rage rumbun, tana kuma sa hanta ta ƙara juya farasitamol ya zama guba.

Ka koyi lissafin farasitamol. Babba mai cikakken nauyi yana shan ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, ya bar awa 6 kafin ya sake. Kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, wato ƙwaya 8, ko da ciwon bai sauka ba. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da mai shan giya, da wanda ciwo ya hana shi cin abinci kwana da kwanaki, nasu ƙasa da haka yake, su tambaye mu. Na yara da nauyi ake aunawa, miligiram 15 ga kowane kilo a lokaci guda, ba fiye da sau 4 a kwana ba. Ka sani kuma cewa Doliprane da Efferalgan da Panadol duk farasitamol ne, sunan kamfani ne ya bambanta, kuma magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Wanda ya sha biyu daga wannan kwali, biyu daga wancan, ya sha huɗu ne na abu ɗaya.

In ciwo ya kai kwana uku farasitamol bai kwantar da shi ba, ƙarin ƙwaya ba zai yi ba. Haƙorin direban nan cirewa yake bukata tun ranar farko. In kuma ka taɓa yin baƙin fitsari bayan shan wani magani, ko an taɓa haifar jariri mai shawara mai tsanani a gidanku, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta maka takarda.

Ke kuma 'yata mai shirin biki, kuɗin kwalaben nan ki ci abinci mai kyau da su, ki sami barci, ki sha ruwa. In wani ya ba ki kwalin magani ko allura da ba ki gane ba, ki kawo shi ɗakin shan magani. Za mu zauna mu karanta abin da ke jikinsa tare, ba a biyan ko dala a kan wannan.